Likita Harjanti da Hotunan Bara

Shekara sha tara ina aikin jinya a ƙarƙashin Likita Harjanti, a wani ƙaramin asibiti kusa da garin Rembang. Bu Janti muke ce mata, don a wajenmu da Bu ake girmama mace, da Pak kuma namiji. Gajeruwa ce mai saurin tafiya, ko shayi a tsaye take sha.

Da aka kawo mana manhajar ƙirƙirarriyar basira mai duba hoton ƙirji don gano tarin fuka, abokin aikinta Likita Yudha ya yi ta murna.

"Bu, yanzu kya samu ki huta."

"Kai dai ba ka da zance sai hutu," ta ce. "Abin da bai taɓa jin tarin mutum ba, shi zai koya min aiki?"

Ana nan wani masunci, Pak Sarwono, ya zo da tari. Ta duba hotonsa, ta ce sigari ce kawai. Manhajar kuwa ta yi jan zane a saman huhunsa na dama. Don ta rufe bakin Yudha ta sa aka gwada kakin masuncin. Tarin fuka ne.

Washegari ta same ni ina wanke hannu.

"Mbak Ning," haka take kirana, wato Yaya Ning, "ɗauko min hotunan bara."

"Wanne daga ciki, Bu?"

"Duka."

Mako uku tana nuna wa manhajar su, tsakanin fitar wannan majinyaci da shigar wancan. Mutum biyu da ta sallama a bara, waɗanda manhajar ta yi wa hotunansu jan zane, suka tsaya mata a rai. Na goya ta a babur ɗina muka bi ƙauyukansu. Na farkon lafiyarsa lau, har ya ba mu mangwaro. Ta biyun, Bu Kasmi mai sana'ar gishiri, ta rasu tun da damina. Mijinta muka tarar yana tari a ƙofar gida. Bu Janti ba ta bar wurin ba sai da ya yarda zai zo asibiti.

Da Yudha ya tambaye ta ko yanzu ta yarda da manhajar, cewa ta yi, "Ban yarda da ita ba. Idona ma na daina yarda da shi."

Yanzu kwali take ɗorawa a fuskar kwamfutar inda manhajar ke nuna sakamako, ta duba hoto, ta rubuta nata ra'ayin, sannan ta ɗaga kwalin ta ga na manhajar. Layi ya ƙara tsawo, majinyata na ƙorafi. Sau biyu tana rubuta takardar ritaya, sau biyu tana zuwa ofis ta karɓe abarta.