Baba Isuhu mai tankar ruwa ya rasu, muna neman masu ɗauka

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin goge tayil a otel da safen nan kafilinsa, wato ubangidansa na aiki, ya kira ni. Baba Isuhu ya tafi.

Jiya ƙirji ya riƙe shi, ya kai kansa mustashfa, wato asibiti, bai gaya wa kowa ba.

Don Allah ku karanta har ƙarshe. Na kira abokina Sale na gaya masa, ya tuntsire da dariya ya ce "Habu ka fara ko? Wa za mu binne yau kuma?" ya kashe jawwal, wato waya. Ban ga laifinsa ba, kun san halina na zolaya. Amma wallahi tallahi yau ba wasa a bakina.

Waɗanda ba su san shi ba, shi ne dattijon nan mutumin garin Tawa mai jan tankar ruwa, ɗakinsa na kallon namu a unguwar Ka'akiyya, nan Makka. Wanda nake kira Baba Makabarta.

Sunan ya samo asali ne daga waƙoƙinsa. Tun yana aiki a garin Yanbu wani Bature ya bar masa kaset na mawaƙan ƙauyen Amurka, irin masu jan murya kamar an yi musu rasuwa. Jita a hankali, goge yana kuka, ba ganga ba rawa. Daga kabari sai hankaka sai gidan da kowa ya watse. Kaset ɗin ya tsinke tun tuni, ni na nuna masa har yanzu yaransu suna fitar da irinsu a intanet.

Na jawo wa kaina aiki.

Da waifai ɗin otel nake sauko masa da waƙa a waya, kullum na dawo sai ya tare ni a bakin ƙofa: "Ɗan nema, mutanena sun hiddo sabo?"

Akwai abin kiɗansu da suke kira banjo. In ya ji shi sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ji nan. Gurmi ne wannan, namu ne, da kakanninmu ya ƙetare ruwa." Na ce Baba gurmin da ba ya sa a taka ai ya lalace a hanya. Ya ce ni ne na lalace a hanya.

Rannan na shiga banɗaki da bokiti, na yi ta gurnani ina bugawa, na ɗauka a waya na tura masa na ce sabon fitowa ne daga Amurka. Ya sa abin kunne ya saurara har ƙarshe, fuska ba dariya. Ya cire ya ce, "Wanga mawaƙi yunwa shika ji. Taho ka ci burodin tamis."

Haka yake. Ban taɓa cin nasarar ba shi haushi ba.

Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni bayan aikin da muka yi a Mina lokacin Hajji, shi ya riƙa dafa mini shayi da na'ana'a, yana jiƙa tawul yana ɗora mini a goshi. Ya ce in na mutu wa zai sauko masa da waƙa.

Kuma kada wani ya zo mini da wa'azi a ƙasan rubutun nan. Da an kira salla yake kashe waƙar. In hanya ta bi da shi inda ake hango agogon Harami, da kansa yake zare abin kunnen ya sa aljihu. Sauran tsakaninsa da Ubangijinsa ne, Shi kuma mai gafara ne.

Ranar Talata na kai masa wani sabon album da ya daɗe yana jira. Muka zauna a gaban tankar, gilas a rufe, muka raba abin kunne ɗaya-ɗaya. Wata mata ce take yi, muryarta kamar daga cikin rijiya. Da ɗan Turancinsa na kamfani ya fassara mini: wai wani tsoho ne ya mutu a gonarsa, ba wanda ya sani, sai da alfadarinsa ya shigo gari shi kaɗai da igiya tana ja a ƙasa.

Na ce to kai tankarka ce za ta shigo Ka'akiyya ita kaɗai.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Salla ba ta dame ni ba, Habu. A Harami duniya duka za ta sallace ni ko ba ta san sunana ba. Kafaɗa nika tunani. Kada ka bari leburorin makabarta su kaɗai su sa ni rami."

Na ce halas, shi ke nan Baba, ni zan riƙe kai, in ka yi nauyi in sake ka.

Abin da na ce masa ke nan. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ban iya buɗe album ɗin nan ba yau. Waƙa biyu kawai muka ji aka kira la'asar.

Jama'a, Baba Isuhu ba shi da ɗa ba shi da ƙane a ƙasar nan, iyalinsa duk suna Tawa. Kafili ya ce takardu za su kammala a sallace shi gobe bayan la'asar a Harami, daga nan a wuce makabartar Shara'i. Kun san yadda ake kutsawa da makara cikin cunkoson nan, ba aikin mutum biyu ba ne. Yanzu ni ne da wani Ba'indiye abokin aikinsa.

Mu haɗu a masallacin unguwa bayan azahar. Duk wanda ya taɓa buɗe famfo a layinmu ranar da aka ɗauke ruwa, tankarsa ya sha. Wanda ke kusa da Sale ya nuna masa wannan, ni ba zai ɗauki wayata ba.

Allah Ka jiƙan Baba Isuhu, Ka yafe masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya shi kamar yadda ya shayar da mu. Allah Ka ba iyalansa haƙuri.

Wanda yake nesa ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce. Wanda yake Makka ya taho da kafaɗarsa.