Mai Takubba Biyar

A shekarun da nake sarin riguna a kasuwar Shahe ta ƙasar China ina aikawa Kano, a wani ɗan shago da ke Tianhe ake buga mini tambarin da ake liƙa wa wuyan riga. Mai shagon 'yar China ce, dattijuwa mai furfura, gajera, kullum da tabarau rataye a wuya. Laoban nake kiranta, yadda ake kiran duk mai shago a can. Ban taɓa jin ta ce babu ba sai ta tashi ta duba da idonta. Hirarmu rabi Turanci ce, rabi wayar da ke yi mana tafinta.

A lokacin muna ɗaki ɗaya da wani abokina Bamaraɗe, wanda ya girme ni da kusan shekara goma. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna cin abinci mu shida, ya fito da samfurin wani yadi yana yabawa, wai auduga ce zalla. Na ce ba auduga ba ce. Ya dage, na dage. Sai na zare zare ɗaya daga yadin, na ƙyasta masa wuta a gaban kowa. Zaren ya narke ya dunƙule kamar leda. Aka yi dariya, ni kuma na ƙara da cewa shekara ashirin a kasuwa amma har yanzu hannunsa bai san auduga ba. Washegari ya kwashe kayansa ya koma wani otal a titin Liuhua.

Kwana huɗu bayan haka na je karɓar aikina, na tarar Laoban tana jera wasu katuna masu hotuna da ta buga wa wani kamfani. Ta ce sunansu tarot, kuma wasu na duba da su. Na ja da baya, na ce addinina ya hana duba, gaibu na Allah ne. Ta gyaɗa kai ba tare da jin haushi ba. Ta ce ita ma ba ta san gobe ba, hotunan kawai take son karantawa, don wanda ya zana su ya san mutane.

Idona ya tsaya kan kati ɗaya. Wani mutum ne tsaye da takubba uku a hannu, biyu yashe a ƙasa, yana murmushi. Can gaba mutum biyu sun juya masa baya sun nufi bakin ruwa, ɗaya ya rufe fuska. Na tambaye ta ko wannan katin nasara ne.

Ta sa tabarau, ta ɗauki tsinken da take daidaita takarda da shi, ta fara nuna mini. Ta ce a waɗannan katuna takobi alamar magana ce da kaifin tunani, shi ya sa ake haɗa shi da iska. Ta nuna gajimaren da ya yayyage, ta ce iskar faɗan ba ta kwanta ba tukuna. Ruwan kuwa zuciya ce, can waɗanda aka kayar suka nufa da abin da ke ransu. Lamba huɗu kamar tebur ce mai ƙafa huɗu, zaune daram, takobi na biyar ne ke zuwa ya girgiza ta. Daga nan ta ɗora tsinken kan mai murmushin.

"Hannunsa biyu, takubba biyar," in ji ta. "Ya zai kai su gida? Waɗanda za su taya shi ɗauka su ne suka tafi."

Ban gaya mata komai game da abokina ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta ce abin da ya fi burge ta shi ne mai zanen bai faɗi wa ke da gaskiya ba. Mai yiwuwa mai murmushin ne ke da ita, kuma hakan bai sa kowa ya juyo ba. Ta mayar da katin cikin sauran, ta ƙirga mini tambarina, ta zuba mini shayi kamar kullum. Na daɗe ina mamakin yadda mace mai yini tsakanin injin da tawada ta iya zama da ƙaramin hoto har ta ga duk wannan, kuma ta faɗe shi ba da sigar wa'azi ba.

Daga shagon na shiga jirgin ƙasa zuwa Liuhua. Na sami abokina a ɗakinsa yana ɗaure kwali. Na ce, "Yaya, na yi maka rashin kunya a gaban mutane, ka yafe mini." Ya ci gaba da ɗaurinsa har ya gama, sannan ya ce yadin dai leda ne, ya fasa saye, amma da na ja shi gefe na gaya masa, da ya fi. Na ce haka ne.

Bai dawo ɗakinmu ba, kuma mun ɗauki kusan shekara gaisuwarmu ba ta wuce ta masallaci. A hankali ya koma kirana in zai duba sabon kaya. Da na aurar da 'yata ta fari, ya taso tun daga Maraɗi da iyalinsa, ya kwana uku a gidana.