Saje Eulogia da Zanen Tsohuwar Potolo

Kullum ƙarfe bakwai saura kwata Saje Eulogia Ticona take shiga caji ofis ɗinmu na birnin Sucre, da fulas ɗin shayin ganyen koka a hammata da kofi biyu. Ɗaya nata, ɗaya na duk wanda ya fara zama a kan benci. Takan goge tabarau da gefen riga, ta ce, "To, wa ya ɓace mana yau?" Shekara talatin da ɗaya ke nan tana riƙe da teburin cigiya. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, shi ya sa na yi ƙarfin hali na rubuta wannan, ko da yake ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba.

Jami'a ce ta tura ni wurinta koyon aiki na wata uku, ina karatun shari'a. Ran farko ta ga littattafan da na rungumo, ta yi dariya. "Lauya, ajiye su can kafin su karya miki ƙafa." Tun daga nan babu mai kira na da sunana, Noemí.

A mako na biyu 'yan sintiri suka kawo wata tsohuwa daga kasuwa. Ba ta da katin shaida, ta manta sunanta, kuma yaren Kechuwa kawai take yi, ni kuwa tawa ba ta wuce gaisuwa ba. Laftanar Orellana, shugaban ofishin, ya ce in ba a samu danginta ba zuwa ƙarfe huɗu, sai gidan tsofaffi na gwamnati, a matsayin wadda ba a san ko wace ce ba. Saje tana kotu, saboda haka ni na cike takarda. Na bi ƙa'ida yadda na haddace: na karɓi zanen saƙa da ta yafa, na sa a leda, na liƙa lamba. Tsohuwar ta fashe da kuka, na rasa inda zan sa kaina.

Da Saje ta dawo, kallo ɗaya ta yi. "Ina zanenta?"

"Na adana shi, Saje, kamar yadda sashe na..."

"Wayyo, Lauya! Kin kulle shaidar matar a leda, sannan kin rubuta ba ta da shaida?"

Ta yage ledar, ta yafa mata zanen, ta durƙusa tana ce mata, "Yi haƙuri, Mama, yarinya ce." Sannan ta ja ni kusa. "Dubi nan. Ja da baƙi, ga tsuntsaye ko'ina. Saƙar mutanen ƙauyen Potolo ce. Ɗauko jakarki."

Laftanar ya leƙo. "Saje, huɗu fa na ce."

"Na ji, yallaɓai. Agogonka dama gudu yake yi."

Muka kai ta tashar motocin Potolo. Direba na uku da muka tambaya ya dafe kai. "Ai Mama Damiana ce! Ɗanta Crispín ya kawo ta asibiti ta sulale, kwana biyu yana yawon nemanta!" Ya buga masa waya. Uku da rabi sai ga Crispín a guje, yana haki, kai babu hula. Ba ta tuna sunansa ba. Ta dai kama kunnensa ta yi masa faɗa. Na tambayi Saje me ta ce. Tana share ido ta ce, "Wai ina hularsa, zai yi mura."

Saje, ke ce uwar waɗanda suka ɓace. Direbobin sun gaya mini ba wannan ne karo na farko ba, har wani kurma kin taɓa mayarwa gida ta hanyar gane ɗinkin hularsa. Ke ce ba ki kai ƙarata ba. A hanyar komawa kika sayo mini masara dafaffiya, kika ce, "Takardar ba ta gudu, 'yata. Ki fara kallon mutumin."

Na gode, Saje Eulogia. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma ɗaliban da za a tura teburin nan bayana, ku zo da littattafanku, amma ku yi koyi da ita, ku ɗaga kai kafin ku ɗauki biro. Ni dai na sayi fulas ɗina jiya. Na ce wa mai shagon ya ba ni kofi biyu.