Ba Isa Mai Kwando Ne Ya Ci Layinmu Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shan koko Madam Rifkatu, wadda ke riƙe min kafe, shagona na intanet, ta kira ni. Ko gaisuwa babu. "Baba, Injiniya Isa ya rasu."

Na ce wane Isa? Ta ce Isa nawa gare mu? Isa Mai Kwando.

Ban yarda ba. Na kashe wayar na kira ƙaninsa a Doma, domin ni ba na karɓar labari daga baki ɗaya. Ya ce haka ne, zazzaɓin kwana huɗu, jana'iza bayan Azahar.

Ku yi haƙuri, rubutun zai yi tsawo. Tsoho bai iya gajeren labari ba, kuma akwai abin da na daɗe da shi a ciki.

Ga waɗanda ba su san shi ba: duk wanda ya zauna a kafe a garin nan ya buɗe imel a 'yan shekarun nan, ta hannun Isa saƙonsa ya bi. Mu masu kafe ba mu da ƙarfin kowa ya sayi nasa kwandon satalayit, sai muka yi ƙungiya, muka kafa ƙaton kwando guda da dogon ƙarfe, daga can ake harbo mana layi ta 'yan rediyoyin da ke kan rufinmu. Da kafe-kafe, da makarantu, da wasu ofisoshi, har Doma da Agyaragu layin ya kai. Isa muka ɗauka ya kula da shi duka. Ni kuwa aka ba ni ciyaman, ba don na san kwamfuta ba, sai don furfura da kuma na daɗe ina hedimasta.

Aikinsa ba ya da godiya. Ranar da layi ke gudu ba mai tunawa da shi. Hadari ya taso kwando ya makance, a kira Isa. Tsawa ta ƙona rediyo a Agyaragu, Isa ya hau babur. Janareto ya yi tari, Isa.

Akwai lokacin da layin Doma ya yi sati biyu yana yankewa. Ashe wani mangwaro ne ya yi tsawo ya tare tsakanin dogayen ƙarafan rediyo biyu. Isa ya je ya durƙusa wa mai gonar, ya hau da kansa ya sare reshen, ya dawo da doya biyu a bayan babur, ya ba ni ɗaya.

Yana da wata ƙa'ida da ke ba ni haushi. Ba ya taɓa abu biyu a lokaci guda. Ya canza ɗaya, ya rubuta a ɗan littafinsa, ya zauna ya jira. Kana tsaye kansa kana huci, shi yana kallon agogo.

"Baba, in na taɓa biyu ya gyaru, ban san wanne ya gyara ba. Gobe zai dawo, mu koma jiya."

Shi ya riƙe hannuna ya koya min jan maus. Shi ya buɗe min wannan shafin da kuke karantawa. Da matata ta kwanta asibiti, ya bar aikinsa ya zauna awa biyu yana tura wa ɗana takardun gwajinta, layi na rarrafe, bai yi tsaki ko sau ɗaya ba.

To, ga abin da ya kawo ni.

Shekara uku da suka wuce, ana tsakiyar rajistar jarrabawar shiga jami'a, layinmu ya ɗauki wani hali. Da safe kamar ruwan famfo. Da an yi ƙarfe biyu sai ya mutu, ba a shago ɗaya ba, ko'ina. Ba zai farfaɗo ba sai Magariba. Ɗalibai su taso tun daga Adogi, su yini a benci, su koma ba su yi komai ba, ga ranar rufewa tana matsowa.

Oga Sunday, mai babbar kafe a cikinmu, shi ya fara kawo min zancen.

"Ciyaman, abu yana mutu ƙarfe biyu daidai, yana tashi ƙarfe shida daidai. Wannan ba ciwo ba, wannan yana da agogo. Wani yana sayar da mu da rana."

Mu da muka tashi ana ba mu tatsuniya a tsakar gida, mun haddace abu ɗaya: in nama ya ragu a tukunya, akwai wanda ya ci. Kuma mai riƙe da ludayi ake fara kallo.

Nan take shaidu suka fara tsirowa. An ga Isa da tsani a bayan wani otal. An ce ya sake tayar babur, gaba da baya. An ce matarsa ta yi sabon leshi. Ni da kaina na je gindin ƙarfen nan da rana tsaka, na ɗaga kai ina ƙirga rediyoyi ko zan ga baƙo a cikinsu, alhali ban san nawa ne na asali ba. Na tambayi 'yan acaɓa inda yake zuwa bayan Azahar. Suka ce shago-shago yake bi yana gumi. Na ce a raina, wayo ne.

Isa ya same mu da buƙata guda. A ba shi izini ya riƙa yanke kowane shago na minti goma sha biyar da rana, ɗaya bayan ɗaya, har ya ga wanda in an cire shi sauran za su numfasa.

Muka ƙi. Muka ce dabara ce ta ƙara wa otal lokaci. Ni na fi kowa ƙi. Na ce duk wanda zai yanka ya yanka, ban da nawa.

Ya ce, "Baba, na kira masu ba mu layi, sun ce ɓangarensu lafiya lau. Hayaniyar daga cikin gida take."

Na dube shi ido cikin ido na ce, "Ai mun san daga cikin gida take."

Ya gane. Ya sunkuyar da kai ya mayar da littafinsa aljihu.

Muka sa taro ranar Asabar. Magana ɗaya ce a takarda: a sallami Isa.

Ranar Alhamis na yi Azahar na taho kafe kamar kullum, sai na tarar da shi zaune a bencin ɗalibai da gorar kunun aya. Rifkatu ta ce tun sha biyu yake nan, bai taɓa komai ba. Daga baya na ji cewa kwana uku ya yi a ɗakin na'urori yana lura da rediyon da ke fara ihu in biyu ta yi. Wanda ke kallon unguwarmu ne, shago huɗu ne a kansa, ya gama da uku, nawa ya bari a ƙarshe.

Na amsa gaisuwarsa a daƙile. Na ɗauka kamun ƙafa ya zo yi.

A nan sai na faɗa muku wani hali nawa. Ba na iya ganin abu a yashe. Shekarun hedimasta sun bar min wannan ciwon. Akwai wani ɗan jarida da ke zuwa kullum da safe da laftof ɗinsa, Rifkatu ta miƙa masa wata doguwar shuɗiyar waya da ta fito daga akwatin rabon layi da ke jikin bango, suwic suke ce masa. In ya gama da rana sai ya zare ya jefar da kan wayar a ƙasa ya tafi. Ni kuma in na shigo na gan ta a ƙasa, sai in ɗauka in kaɗe ƙura, in duba akwatin, ga rami ba kowa, in soka ta. Sai ta ce ƙas, ta zauna daram kamar don ita aka yi ramin. Da Magariba mu kashe janareto mu rufe. Da safe Rifkatu ta zare ta ta ajiye wa ɗan jarida kafin ta tayar da inji.

Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Gyaran ɗaki ne.

Ranar ma haka na yi, a gabansa, har ina mita cewa mutanen yanzu ba su san darajar kaya ba.

'Yan korayen fitilun akwatin suka kama ƙyaftawa tare kamar an tsorata su. Ɗalibai suka fara tsaki. Ba a jima ba wayar Isa ta ɗauki ƙara, ina jiyo muryar Oga Sunday daga inda nake. "To, ya mutu! Kana ina? Kana otal, abi?"

Isa ya tashi a hankali, ya zare shuɗiyar wayar. Ya koma ya zauna yana kallon agogo. Shafuka suka fara buɗewa, wata yarinya ta ce alhamdulillahi da ƙarfi.

Ya jira minti biyar. Sannan ya matso kusa da kunnena. "Baba, don Allah mayar."

Na mayar. Komai ya tsaya.

Ya zare. Komai ya tashi.

Ban taɓa jin kafe ta yi min zafi irin na ranar ba, ga fanka tana juyawa.

Ya yi min bayani ƙasa-ƙasa. Kai da gindin wayar duk a akwati ɗaya suke. Saƙo ya fita ta wannan rami ya dawo ta wancan, akwatin ya zaci sabo ne, ya sake raba wa kowa, shi ma ya dawo, haka yake ta haihuwa har ya cika hanya daga nan zuwa Doma.

Ya ciro salatif ya toshe duk ramukan da ba kowa. Ya dubi Rifkatu da ta saki baki. "Madam, ba ki ga komai ba." Ya shanye kununsa ya tafi.

Ranar Asabar ya miƙe a gaban taro ya ce, "Waya ce aka soka ba daidai ba a wani shago. An gyara."

Oga Sunday ya buga tebur. "Wane shago? Kira suna!"

"Ba sai an kira ba, Oga. Kowa na iya yi."

"Kun gani? Mun ce za mu kore shi, layi ya warke. Layi ma ya ji tsoro!"

Aka kwashe da dariya. Ni ina kan kujerar ciyaman. Magana ɗaya ta rage, kuma a bakina take. Na gyara hula na ce, "Tunda an gyara, a bar zancen."

Ba a kore shi ba. Amma aka yanke a ƙara kwaɗo na biyu a ƙofar ɗakin na'urori, mabuɗin a hannun Oga Sunday. Ni na sa hannu.

Shekara uku, duk sanda tsawa ta faɗi ko rediyo ya daskare, sai Isa ya fara zagaya gari neman mabuɗi kafin ya shiga ɗakin aikinsa, mu kuma muna zaginsa ya yi jinkiri. Na san akwai wata makaranta da ta so ba shi babban aiki, wani ya raɗa musu cewa hannunsa ba tsabta. Aikin ya wuce shi.

Kuma kada ku zaci shirunsa ya warkar da ni. Na yi wata da watanni ina jiran ranar da zai zo karɓar ladan rufin asiri. In ya gaishe ni da fara'a, in ce yau ne. In ya ce Baba ina son ganinka, in fara lissafin abin da zai nema, ashe cewa zai yi batirin rediyona ya kusa mutuwa. Bai taɓa ɗaga zancen ba.

Ganinmu na ƙarshe sati biyu ke nan. Ya sauko daga rufin shagona, yana kaɗe tsatsa a hannu. Na ja shi gefe na ce, "Injiniya, taro mai zuwa zan faɗa."

Ya yi dariya har da riƙe tsani. "Baba, wannan taron shekara uku ke nan yana zuwa."

Sai ya daina dariya. "Bar shi. In suka raina ka, wa zai riƙa raba mu faɗa? Ni dai kar ka sake taɓa min waya."

Na karɓi wannan da sauri, domin ya yi min daɗi. Na ce akwai lokaci.

To, yau ga shi a rubuce, kowa ya karanta. Isa bai sayar da layin kowa ba. Tsanin da aka gan shi da shi a otal aro ya je yi. Ni ne na kashe layin garin nan kullum bayan Azahar, da hannuna, ni ne kuma na zauna na bari aka kira shi ɓarawo. Rifkatu shaida ce, na sake ta daga alkawarin da ya ɗora mata, ku tambaye ta.

Oga Sunday, na san za ka ga wannan. Laifinka bai kai nawa ba, kai zato ka yi, ni sani na yi. Gobe da safe zan je Doma zaman makoki, zan maimaita maganar nan da bakina a gaban matarsa da 'ya'yansa uku, don kada su girma wani ya jefe su da ita a kasuwa. Akwai wuri a motata. Duk wanda ya taɓa zarginsa ko ya yi dariya ranar taron, ya zo mu tafi.

Allah ka jiƙan Isa. Ka rufa masa asiri a can fiye da yadda ya rufa min a nan, ka yalwata kabarinsa, ka raya abin da ya bari. Ni kuma Allah ka sa ya yafe min tun kafin ya tafi.

Wanda ya karanta har nan, Musulmi ko Kirista, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a. Kuma ya tura wa wanda ya san ya ji wancan labarin, don ya ji wannan.