Ranar da na cire sunana daga jerin masu ban ruwa

Karatuna a firamare ya tsaya, amma da yake rubutuna yana karantuwa, sai manoman da ke shan ruwa a ƙaramin kanal ɗinmu, wato magudanar ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure, suka naɗa ni sakatarensu. Babban aikina shi ne jerin ban ruwa: wane ne zai buɗe wa gonarsa ruwa, yaushe, kuma awa nawa. In aka tsallake mutum ɗaya, sai ruwa ya zagayo bayan mako guda, kuma dashen tumatir ko albasa ba ya jiran mako a zafin rani. Wannan tunanin shi ke cin raina kowace shekara. Nakan karanta jerin daga sama zuwa ƙasa, in sake daga ƙasa zuwa sama, in tafi masallaci ina lissafa sunaye a zuci.

'Yar ƙanena ta karanta ilimin kwamfuta, tana aiki a birni. Da ta ga yadda nake wahala da littafi, sai ta rubuta mana wata 'yar manhaja da ke raba ranakun da kanta. Kwamfuta uku ke amfani da ita: sabuwa ta ofishin ƙungiya, tawa da ta bar mini, da wata tsohuwa a shagon buga takardu a Bunkure, inda ake fitar wa mai buɗe ƙofar ruwa tasa takardar.

Ta zaunar da ni a zaure ta buɗe wani baƙin allo, babu hoto babu komai, sai ɗan layi yana ƙiftawa.

"Baffa, duk lokacin da ka taɓa jerin, kafin ka tura wa kowa, ka rubuta wannan kalmar a nan ka danna."

Haruffa uku ne kawai. Na ce, "In na danna ba daidai ba fa? Kada in goge mutane."

"Ba abin da za ka goge. Gwaji ne kawai, ɗaki uku zai gina a cikin kwamfutar, kowanne a rufe, kowanne an shirya shi kamar ɗaya daga cikin kwamfutocin nan uku. Sai ya kwafi manhajar ya kai kowane ɗaki ya gwada ta. Abin da ya faru a ɗaki ɗaya ba ya shiga ɗaya, ba ya kuma taɓa na gasken."

"To ina ɗakunan suke?"

"Baffa, ba za ka iya shimfiɗa tabarma a ciki ba, in abin da kake tambaya ke nan."

Na danna. Rubutu ya dinga gangarowa da Turanci, ba na kama ko rabinsa. Can sai layi uku suka fito, duka kore. Ta ce kore lafiya, ja akwai matsala. Na rubuta wannan a bangon littafina, duk da ba abin mantawa ba ne.

Na ji daɗin abin nan ƙwarai. Da hantsi nakan zauna gindin mangwaron ƙofar gida da kofin shayi, in danna, in tsaya ina kallon rubutun yana gudu har koren ya fito. Wani lokaci ban canja komai ba, ina dai so in gani ne.

Amma da aka kusa fara ban ruwan rani sai wani abu ya fara damuna. Tun da na fara, ban taɓa ganin ja ba. Ko sau ɗaya. Na ce a raina, ta ina na san yana iya fitowa? Mai gadin da bai taɓa cewa ya ga kowa ba, ko dai ba wanda ya zo, ko barci yake yi.

Kwana biyu ina juya maganar. A na uku, bayan azahar, na buɗe kwafin jerin da nake aiki a kai, na yi bismillah, na cire sunana da lambar gonata. Nawa na cire don ba ni da hurumin wasa da na wani. Na rubuta kalmar na danna.

Kore, kore, kore.

Na kira 'yar ƙanena a waya. "Ke 'yar nan, ni fa ba na cikin masu shan ruwa, kuma ɗakunanki uku duka sun ce lafiya lau."

Ta yi dariya har da tari. "Baffa, kanka ka kora?" Ta ce gwajin yana duba kada mutum biyu su haɗu a awa ɗaya, yana duba kada wani ya wuce lokacinsa, amma ba ta taɓa ce masa ya ƙirga gonakin ba. Washegari ta turo gyara: duk gonar da ke bakin kanal sai an ga ranarta, in ba haka ba ja.

Na gwada ba tare da sunana ba, uku duka suka yi ja. Ban taɓa murna da ganin ja irin ta ranar ba. Na mayar da sunana na sake dannawa. Biyu suka yi kore, na ukun, ɗakin da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar Bunkure, ya tsaya a ja.

A daidai lokacin shugaban ƙungiya ya tsaya da babur ɗinsa.

"Malam sakatare, jibi za a saki ruwa, kai kana nan kana hira da baƙin allo. Biyu sun yarda, ai rinjaye ya samu. Tura kawai."

"Ranka ya daɗe, ukun nan ba ƙuri'a suke kaɗawa ba. Takardar mai buɗe ƙofa daga na ukun take fita."

"Kai dai da wasi-wasi aka haife ka," ya ce, ya tayar da babur. "Gobe da la'asar nake so."

Na ɗauki hoton allon na tura mata. Ta ce tsohuwar kwamfutar tana barin layin ƙarshe na jerin, ta yi mini bayanin dalili, ban gane duka ba. Na dai duba layin ƙarshen. Wani dattijo ne Bafulatani da ya daɗe da zama a cikinmu, yana da 'yan shanu, ya dasa albasa a gona ta can ƙarshen kanal. Mutum ne da ko an tsallake shi ba zai zo ya yi magana ba, sai dai ya zauna yana jira.

Ta gyara kafin azahar ɗin washegari. Na danna sau uku, kore tara na ƙirga, sannan na tura. Na hau keke har Bunkure, na karɓi takardar tana da ɗumi, na sa yatsa a ƙasanta. Sunan dattijon yana nan.

Ranar da ruwa ya zo kansa na bi bakin kanal har ƙarshe. Na tarar da shi ya naɗe wando, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya.

"Sakatare, lafiya ka iso har nan?"

"Lafiya lau, Baba. Wucewa nake."

"Nan ai ba a wucewa, hanya ta ƙare."

Na zauna a kan gaɓa na cire takalmi, na tsoma ƙafafuna a ruwan, har ya gama shayar da layin farko.