Fuskar da ba a nuna wa Inna ba

Wata rana Innarmu ta raka ni asibiti awo. Cikin fari ne, ni kuwa ga raki, ko sauro ya cije ni sai na ce a kira likita.

Muna zaune a benci sai ga wata ɗalibar ungozoma, 'yar siririya, fararen kayanta kamar na aro. Ta durƙusa ta gaida Inna.

Ta ce a makarantarsu ana horar da su kan bincike mai zurfi. Ita nata a kan iyayen da suka rasa jariri wajen haihuwa ne, na da da na yanzu. Tana son ta ji yadda aka yi da su, da yadda suka so a yi.

Na yi caraf na ce ta gwada gaba. Mu shida Inna ta haifa, kuma duk muna nan muna cinye mata tuwo.

Yarinyar ta yi murmushi. Ta ce malamarsu ta ja musu kunne cewa in ka tambayi mace 'ya'yanta nawa, masu rai kawai za ta faɗa maka.

Sai ta rage murya.

"Inna, akwai wanda ya koma?"

Inna ta murza bakin mayafinta.

"Akwai. Na fari. Namiji."

Ni da nake taƙamar babu sirrin Inna da ban sani ba, ban taɓa jin wannan ba.

Ta ce a gida ta haife shi, bai zo da rai ba. Kafin ta ɗago kai tsofaffin gidan sun naɗe shi a zane sun fita da shi, wai in ta gan shi ba za ta manta ba. Ga kunyar ɗan fari, ba damar tambaya, ba damar kuka a gaban surukai.

Aka ce ta yi haƙuri, ta yi.

"To ban gan shi ba, kuma ban manta ba. Duk wanda na haifa bayansa sai in ƙura masa ido, in ce ko haka yake."

Ɗalibar ba ta katse ta ba, ba ta kuma ce mata ta yi haƙuri ba. Zama kawai ta gyara.

Can Inna ta dube ta.

"'Yar nan, yanzu ana nuna wa uwa?"

"A nan mukan tambaye ta, Inna. In tana so, sai a miƙa mata shi ta riƙe. So nake binciken nan ya sa a riƙa yin haka ko'ina."

Inna ta dubi hannuwanta.

"Ni ma da an tambaye ni, da na ce ina so."

Tun ranar nake kewar yayan da ban taɓa sani ba. Na fi tausayin Inna, da har ta tsufa tana neman kamanninsa a fuskokinmu.

Darasi: Uwar da ta daina magana a kan jaririn da ta rasa, sau da yawa ba mantawa ta yi ba, mai tambaya ta rasa. Kafin mu yanke wa mai jego abin da zuciyarta za ta iya ɗauka, mu tambaye ta.

In mahaifiyarki na raye, ki zauna kusa da ita ki tambaye ta a hankali. Ku kuma tura wannan ga duk ungozomar da kuka sani, ko mai koyon aikin.