Mai Sabuwar Riga a Gindin Juji

Kaltume ba ta san sunansa ba. Ta kan katanga take hangensa, yana tsaye cikin 'yan majalisar gunduma a gindin jujin unguwarsu a Boɗinga. Tun da aka samu mulkin kai ma'aikatan En'e ke neman filin gini, yau ga shi an iso jujin da kowane gida ke zuba toka da kashin awaki, a kwashe da bazara a kai gona. Geronta da takin nan yake rayuwa.

Mutumin dogo ne siriri, rigarsa sabuwa fil, amma dugadugansa duk faso, irin na wanda ya girma a fadama. Yana magana yana girgiza kai: ƙudaje, wari, lafiyar yara. Can sai ya tsuguna, ya tattare hannun riga, ya damƙi baƙar ƙasar, ya murza, ya kai hanci. Fuskarsa ta saki. Mai ƙyamar juji ba ya shinshina shi haka. Kaltume ta raya a ranta, mutumin nan yana da albasa a wani wuri, kuma ƙasarsa ta gaji.

"Ranka shi daɗe," in ji mai unguwa, "in an gina nan, mi talakawa za su kai gona?"

"Za a duba, baba."

Ya kakkaɓe tafinsa, ya matso jikin katangar inda wani ma'aikaci mai igiyar awon fili yake, ya rage murya. "Kahin a buga turaku a kwashe shi duka. Jakkaina na nan tahe daga Danchadi."